Injiniyancin injina ko na ƙere-ƙere?

Ɗan'uwa, ka tambayi bambancin kwasa-kwasan nan biyu, da ko rauninka a lissafi zai hana ka.

Na injina ya fi karkata ga tsara na'ura: ƙarfi, zafi, motsin ruwa da iska. Na ƙere-ƙere kuwa yana koyar da yadda masana'anta ke fitar da kaya masu yawa da inganci: narka ƙarfe, walda, sarrafa injin CNC (injin yanka da sassaƙa ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa). Darussan farko kusan ɗaya ne.

Lissafi kam ba makawa, fara gyara shi tun yanzu. Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibai su haddace ƙa'idoji amma ba su taɓa riƙe sifana ba. Koyi zane da SolidWorks (shirin kwamfuta na zana sassan injina) da wuri. Kafin ka cike fom, nemi malamin sashen ya nuna maka manhajar, ka kuma tabbatar hukumar injiniyoyi ta amince da kwas ɗin.