Ko aikin asbestos da aka bari tuntuni zai iya jawo ciwon dajin huhu?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko yankan rufin asbestos da mahaifinku ya bari shekara 25 da suka wuce zai iya zama sanadin ciwon dajin huhun da aka gano masa. E, zai iya, Allah Ya ba shi lafiya. Ƙurar asbestos siraran zaruruwa ce da ido ba ya gani. In an shaƙe su sai su maƙale a huhu, jiki ya kasa narkar da su, su yi ta ɓarna a ɓoye. Shi ya sa cutar kan kai shekara 20 ko 30 kafin ta fito fili.

Sai dai ka bincika ko yana shan taba a lokacin. A cikin abokan aikina na gini, mashaya sigari ne ciwon ƙirji ya fi kayarwa, domin taba da asbestos in sun haɗu hatsarin ninkuwa yake. Ku faɗa wa likita shekara nawa ya yi yana aikin, da ko yana rufe hanci. Tsofaffi kan manta da wannan, su a ganinsu ƙura ce kawai.