Alat ya shigo amma da cak aka biya: in saki kayan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da riɗi da zoɓo a Dawanau. Wani baƙon mai saye ya ce zai saka min cak a asusuna, da zarar na ga alat sai in loda masa mota. Abokina ya ce kada in yarda. To idan alat ya shigo, ina kuma sauran matsala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abokinka ya faɗa maka gaskiya. Alat ɗin cak shaida ce kawai cewa bankinka ya karɓi takarda, ba wai kuɗi sun shigo ba.

Idan cak ɗin na wani banki ne daban, bankinka zai ɗauki hotonsa ya aika wa bankin mai shi ta hannun NIBSS, hukumar da ke daidaita biyan kuɗi tsakanin bankunan Najeriya, su duba sa hannu, su duba ko akwai kuɗin. Wannan yakan ci kwana ɗaya zuwa biyu na aiki. Kafin a gama, adadin zai iya bayyana a asusunka amma ba za ka iya taɓa shi ba. Duba saƙon da kyau, ko ka shiga manhajar bankin, sau da yawa za ka ga lissafi biyu: jimillar da ke rubuce, da wadda za ka iya cira. Ta biyun ce taka. Ta farkon tana iya ɓacewa.

A wannan ɗan tsakanin ne ɗan damfara yake cin kasuwarsa. Shi ya sa suke son yammacin Juma'a ko jajibirin Sallah, don Asabar, Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin lissafi. Zai tsaya a kanka da waya a kunne, direba na jira, wai za a rufe hanya, ga alat ka gani da idonka. Ka loda. Ranar Talata banki ya ce cak ya dawo, ko babu kuɗi a asusun, ko takardar ta sata ce. A lokacin riɗinka ya daɗe da wuce Zariya.

Akwai kuma mai rubuta fiye da kuɗin kaya, ya ce kuskure ne, ka tura masa ragowar. Wannan so yake ya haɗa kaya da kuɗinka ya tafi.

Don haka kada buhu ɗaya ya fita sai ka ga kuɗin a ɓangaren da ake cira, ka kuma kira jami'in da ke kula da asusunka ya tabbatar. Ka kira lambar da ka sani tun da, ba wadda mai sayen ya ba ka ba. Hoton takardar ajiya a WhatsApp ba komai ba ne. Daraf ɗin banki ma, wato cak ɗin da banki da kansa yake bayarwa, ana buga na bogi, shi ma a jira shi. Kuma ka sani, tun 2010 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade cewa cak ɗaya ba ya wuce naira miliyan 10, wanda ya miƙo maka na miliyan 25 ka san da walakin. Ni dai a ganina, baƙon da ke da kuɗi a asusu a yau, me zai hana shi yin taransifa?

Doka tana nan. Ta 1977 ta tanadi ɗaurin shekara 2 ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya da cak ɗin da ya dawo saboda babu kuɗi, muddin an kai shi banki cikin wata 3 daga ranar da ke jikinsa. Kana iya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ka riƙe asalin cak ɗin mai hatimin banki. Sai dai a kama mutum tukuna, kuma irin waɗannan ba da sunansu na gaskiya suke zuwa ba.

Idan ya nace sai cak, ka karɓa, ka rubuta masa rasit cewa kaya na ajiye a sito har kuɗi su tabbata, ya dawo da motarsa ranar.