TAMBAYOYINKU: Ya ce kar in sa sunansa a takardar haihuwar yaro

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Mijina ya sake ni ina da ciki wata huɗu, na haihu a gidanmu, ranar suna ma ƙaninsa ya aiko da rago shi bai zo ba. Yanzu yaro ya shekara uku ko sisi bai taɓa ba ni ba, zan sa shi makaranta sun ce sai takardar haihuwa, na kira shi ya ce kar in kuskura in sa sunansa wai bai tabbatar nasa ba ne. Babana ya ce a sa sunan shi Baban kawai a huta. Ya zan yi? Daga wata 'yar uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana shi. Ki sa sunan ubansa. Na san Baba tausayinki yake ji, so yake ya rufa miki asiri, amma ki lallaɓa shi ki nuna masa aya ta 5 a Suratul Ahzab inda Allah ya ce a kira yara da sunan iyayensu maza. In kuka sa sunan kaka yau, gobe shi ne zai bi yaron zuwa NIN da JAMB da fasfo, gyara kuma sai an yi ta zirga-zirgar kotu ana rantsuwa, ga maganar gado, ranar da uban ya faɗi ya mutu 'yan uba za su ɗago takardar nan su ce ai ko uwarsa ba ta ce ɗan gidan nan ba ne, da me za ki kare shi?

Maganar wai bai tabbatar ba kuwa wallahi ita ta fi ƙona min rai. A shari'a duk ɗan da aka haifa bayan wata shida da ɗaura aure na mai shimfiɗa ne, wato mijin, ke kuma da cikin kika bar ɗakinsa. Namiji ba ya kore ɗa ta waya, sai ta li'ani a gaban alƙali kamar yadda ya zo a Suratun Nur, rantsuwa huɗu ta biyar ya jawo wa kansa la'anar Allah in ƙarya yake, kuma malaman Malikiyya sun ce wanda ya san da cikin ya yi shiru ba uzuri to damar ta wuce shi. Mutumin da aka yanka rago daga gidansu, sai da aka zo maganar kuɗin makaranta shakka ta zo masa?

Takardar kuma ba katin asibiti ake nufi ba, mutane da yawa suna ruɗewa a nan. Ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, NPC, dokar 1992 ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista cikin kwana 60, amma wanda ya wuce haka ma ana yi masa. Ki je teburinsu a sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibitin gwamnati da katin haihuwa ko na rigakafi da NIN ɗinki, ki faɗa musu gaskiya cewa kun rabu. In suka nemi bayanan uban ya hana, kar ki yarda wani ya cike miki na ƙarya, ki haɗa wannan cikin ƙarar da za ki kai.

Domin ƙara kam ya kamata ki kai. Ci da sha da sutura da magani na wuyan uba, da sunansa a takarda ko babu, aya ta 233 a Baƙara ta ɗora wa uba ciyarwa da tufatarwa, malamai kuma sun ce namiji har ya balaga ya iya nema, mace har ta tare a ɗakin miji, riƙo kuma naki ne, kar ya tsorata ki da cewa in kina son kuɗi sai ki ba shi yaron. Ki fara da manyansa, wansa ko kawunsa. In abin ya ƙi ki je Hisbah su kira shi sulhu, in nan ma ya ƙi sai kotun shari'a, alƙali zai duba samunsa ya yanka masa abin da zai riƙa bayarwa duk wata. In babu kuɗin lauya akwai FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi, da Legal Aid, hukumar gwamnati ta taimakon shari'a, suna taimaka wa marasa hali kyauta.

Ki tafi da takardar saki in ya rubuta, da waɗanda suka shaida ɗaurin aurenku, da katin awo don ya nuna watannin cikin, da rasit na asibiti duk wanda kika ajiye. In ya taɓa turo miki saƙo a WhatsApp yana cewa ya jikin yarona, kar ki goge, ki ɗauki hotonsa ki tura wa wani ɗan uwanki ya ajiye miki.