Lambar da ka nema don ƙirjin jarumar gem ɗinka

Ƙanena, na buɗe fayil ɗin da ka turo jiya da daddare, na kuma ga tambayarka: "Oga, nawa zan sa wa sifirin ɗin ƙirjinta don ya yi motsi kamar na gaske?" Kafin mu zo kan lamba, bari in faɗa maka abin da na gani.

Na sa jarumar taka ta yi gudu a Unity, manhajar da muke gina gem da ita, na rage saurin sosai ina kallo. Ƙafarta tana taka ƙasa kamar ba ta da nauyi. Ƙugu bai sauka ba, kafaɗa ba ta amsa ba, jakar bayanta tana manne kamar an yi mata walda, kitsonta a sandare. Wuri ɗaya tak ke motsi a duk jikin, kuma bayan ta tsaya cak sai da ya ƙara lilo har sau biyar. Ga shi sulken ƙarfe ka sa mata, amma sulken yana lanƙwasa tare da naman. Ina ka taɓa ganin ƙarfe ya yi haka?

Abin da ka dasa a wurin ƙaramin ƙashi ne, ɗaya a kowane gefe, a cikin ƙwarangwal ɗin jarumar, wanda ba hannunka ke juya shi ba, injin gem ɗin ne ke lissafa shi a kowane firem, wato kowane hoto guda cikin jerin hotunan da ke haɗuwa su zama motsi. Abu uku ke riƙe da shi: nauyi, taurin sifirin, da abin da ke shanye girgiza, wato aikin shokazoba a mota. Kai ka sassauta sifirin ka kuma kashe shokazoba. Ka tuna motar da shokazobarta ta mutu, ta faɗa rami guda amma ta yi ta rawa har gaba. Naman mutum ba ya haka. Ya sauka sau ɗaya, ya dawo, ya ɗan gyara zama, shi ke nan. Sannan ka ɗaura lissafin a kan saurin firem. A kwamfutarka mai firem 60 a daƙiƙa abin da sauƙi, amma a wayar da take ja da ƙyar a 30, tazarar lissafin ta ninka, motsin sai ya haukace. Mayar da shi kan tsayayyen lokaci, wanda bai dogara da saurin firem ba.

Tun da gaskiya ka ce kana nema, akwai waɗanda suka auna ta. A Jami'ar Portsmouth ta Ingila, Farfesa Joanna Scurr da abokan aikinta sun yi shekaru suna nazarin motsin ƙirjin mata a lokacin gudu. Babu tsoka a cikin mama, fata ce da wasu siraran jijiyoyi ke riƙe da shi. Motsinsa ba sama da ƙasa kawai ba ne, yana zana siffar lamba 8, kuma idan babu abin da ya tallafe shi yana iya kai kusan santimita 15. Mata da yawa ciwo suke ji, shi ya sa 'yan wasa ke sa rigar mama ta musamman mai matsewa. To macen da aikinta hawan dutse da faɗa da takobi, me kake zaton za ta fara yi kafin ta fita? Za ta ɗaure. Gaskiyar da kake nema rage motsin take cewa ka yi.

Na san inda ka samo wancan salon, don mu ma mun taso mun tarar da shi. Mai Shiranui ta Fatal Fury 2 a 1992, da hannu aka zana mata wannan motsin firem bayan firem. Dead or Alive na kamfanin Tecmo ya fito a 1996 ya mai da shi abin talla. Jan hankalin samari aka nufa, ba kwaikwayon jikin ɗan Adam ba, kuma masu koyo suka yi ta kwafa har suka ɗauka haka aikin yake.

Dubi inda wasu suka zuba ƙarfinsu. A Tomb Raider na farko, shi ma 1996, Lara Croft ba ta da doguwar jelar gashinta a cikin wasan saboda na'urar lokacin ba ta iya ɗauka ba, sai a na biyu a 1997 ta bayyana tana kaɗawa. A 2013 aka zo da fasahar TressFX da ke lissafa gashin sili-sili. Abby ta The Last of Us Part II kuwa, a 2020, an gina jikinta ne a kan na 'yar wasan motsa jiki Colleen Fotsch. Kalli damtsenta idan ta ɗaga abu, kalli bayanta idan ta ja igiya. Ka yarda tana da nauyi tun kafin ta buɗe baki.

Ni abin da ke damuna shi ne ka yi wata biyu kana gina mutum mai suna da labari, sannan ƙashi biyu su janye idon mai wasa daga fuskarta. Ƙannenka mata ma za su riƙe wannan gem ɗin, su ga abin da ka ɗauki mace.

Ga aikinka na wannan mako. Kashe ƙasusuwan nan biyu gaba ɗaya tukuna. Gyara gudun daga ƙugu, ya sauka a kowane taku, kafaɗa ta biyo baya da firem biyu ko uku. Sa sifirin a jaka, da kitso, da kuben takobi. A ƙarƙashin sulke kada komai ya motsa. A kayan yadi, ka dawo da ƙasusuwan da shokazoba mai ƙarfi, ka taƙaita iyakar juyawarsu, sannan ka ɗauki lambobin nan ka sa su a tumbin ƙaton mai gadin nan da ka zana. In sun yi masa yawa, ita ma sun yi mata yawa. Kawo min duka biyun ranar Asabar bayan la'asar mu kalla tare.