Tambaya da Amsa: Gishiri a Jikin Zare

Tambaya: Malam, ɗiyata ta ji a lakwal cewa ana iya tsirar da ƙwayoyin gishiri masu ƙyalli a gida. Yaya ake yi? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Hajiya, ki ɗumama ruwa, ki riƙa zuba gishiri kina motsawa har ya ƙi narkewa, domin mililita 100 na ruwa ba ya ɗaukar fiye da kimanin giram 36. Ki tace cikin kofin gilashi, ki rataya zare a tsinke ya nutse ciki, ki ajiye inda ƙurar hunturu ba ta kaiwa. Yayin da ruwan yake ƙafewa, gishirin zai taru a zaren, kowace ƙwaya da fuska shida. Haka rana take fitar da gishirin Bilma. Kada a girgiza kofin, don ƙafewa a hankali ke ba da manyan ƙwayoyi. Ruwan zafin kuwa, ke za ki riƙe shi da kanki.