Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kuma an ce ba tibi ba ne

Tambaya: Likita, daga Aboabo nake a Kumasi. Yayata ta yi wata biyu tana tari da gumin dare, tana ramewa. Sau biyu ana gwada kakinta ba tibi, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma bai yi ba. Yanzu an ce iyosinofil sun yi yawa a jininta da huhunta. Mene ne wannan?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ta lafiya. Iyosinofil wani jinsi ne na fararen ƙwayoyin jini, aikinsu yaƙi da tsutsa. Idan suka taru a huhu sai ya kumbura, alamun su zo kamar tarin fuka, wato tibi. Shi ya sa ake ruɗewa.

A jini, in sun haura 500 a maikrolita ɗaya, sun yi yawa. Hoton ƙirji yakan nuna farin tabo can gefe-gefen huhu, wajen haƙarƙari. In ana kokwanto, sai a zura siririn bututu a wanko ruwan huhu. Iyosinofil sama da kashi 25 cikin 100 hujja ce mai ƙarfi. Ku nemi a tura ta wajen likitan huhu a asibitin Komfo Anokye.

Amma a ƙasarmu, tsutsa ake fara nema. A gwada bayan gida, ba sau ɗaya ba. Akwai wata ƙaramar tsutsa, sitironjiloidis, mai shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta zauna shekaru shiru. In aka ba mai ita firednisolon, maganin rage kumburi da ake bayarwa a wannan ciwo, tsutsar na iya bazuwa a jiki, har ta yi kisa. Don haka likita kan fara ba da aibamektin, maganin tsutsa, maikrogiram 200 kan kowane kilo. Ku kuma kwashi duk abin da take sha, na asibiti da na gargajiya, ku kai wa likita a leda. Naitirofurantoyin, maganin ciwon mafitsara, na iya jawo wannan.

Bayan haka sai firednisolon, kusan rabin miligiram kan kowane kilo a rana: mai kilo 60, miligiram 30 da safe bayan karin kumallo. Cikin kwana biyu zuwa uku numfashi kan sake. Nan ne ake yin kuskure, a ga sauƙi a ajiye magani. Ragewa ake yi sannu a hankali tsawon wata uku zuwa shida, kuma duk da haka kusan rabi ciwon kan dawo musu. A riƙa auna sukarinta da hawan jini.

In leɓenta ya canja launi ko numfashi ya hana ta magana, ku kai ta asibiti a daren, kada ku jira ranar ganin likita.