Me ya sa tagar jirgin sama ba ta jiƙewa a cikin gajimare?

Tambaya: Malam, a tafiyata ta ƙarshe jirginmu ya kutsa cikin gajimare har na daina ganin fiffikensa, amma ko ɗigon ruwa ban gani a jikin taga ba. Wanda ke zaune kusa da ni ya ce gajimare hayaƙi ne kawai, babu ruwa a cikinsa, don haka idan matuƙi ya ce zai kauce wa hadari, ɓata wa fasinja lokaci yake yi. Hankalina bai kwanta ba. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, kuma na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka ɗauki maganar ka wuce da ita gaba.

Gajimare ruwa ne, sai dai ɗigonsa ƙanana ne ƙwarai, galibi faɗin kowanne bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na milimita ba, wato silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Kuma a warwatse suke: da za a cika ɗaki matsakaici da gajimaren da ba na hadari ba, ruwan da za a tatsa daga cikinsa bai fi cokali ɗaya ko biyu ba. Ɗigo mai wannan rashin nauyi iska yake bi duk inda ta karkata, ita kuwa iskar da jirgi ke ratsawa a gefen jikinsa take zamewa ta wuce. Tagar fasinja a gefe take, ba ta fuskantar iskar, don haka ɗigon yana wucewa ta gabanta ba tare da ya taɓa ta ba, wanda ya taɓa kuma iska ta share shi nan take. A can sama, wajen mita 11,000, inda sanyi ke kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili, gajimaren ƙwayoyin ƙanƙara ne, su kuwa ba sa jiƙa komai. Idan jirgi ya sauko cikin ruwan sama sosai, za ka ga ruwan yana gudu a kwance a kan gilashin.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai na haɗu da wanda ya leƙa taga ya ganta a bushe, ya yanke hukuncin cewa gajimare ba ya iya yi wa jirgi komai. Alhali ruwan da bai taɓa tagarka ba yana dukan hancin jirgin, da gilashin gaban matuƙi, da bakin fikafikai, da bakin injina. Shi ya sa gilashin matuƙi ke da waifa, kuma ake ɗumama shi da lantarki. Mafi haɗari shi ne, ɗigon gajimare yakan zauna a matsayin ruwa ko da sanyi ya wuce sifili, har zuwa kusan digiri 40 ƙasa da shi, sai ya bugi ƙarfe sannan ya daskare nan take. Ƙanƙarar da ta taru a bakin fiffike tana canza siffarsa, ta rage ƙarfin da ke riƙe jirgi a sama. Don haka manyan jirage ke hura iska mai zafi daga injin zuwa bakin fiffike, ƙananan masu farfela kuwa da yawansu suna da roba mai kumbura da ke farfasa ƙanƙarar.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A watan Oktoba na 1994, a jihar Indiyana ta Amurka, wani jirgi ƙirar ATR 72 yana shawagi cikin gajimare yana jiran izinin sauka, ƙanƙara ta taru a bayan robar fiffikensa, ya ƙwace wa matuƙansa, mutum 68 suka rasu. A 2009, jirgin Air France mai lamba 447 da ya taso daga Birazil zuwa Faransa ya shiga hadari a saman Tekun Atlantika, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, matuƙan suka ruɗe wajen sarrafa shi, aka rasa rayuka 228.

Ina takaicin masu yaɗa irin wannan magana a wayoyi da gidajen bidiyo ba tare da sun taɓa ganin ƙanƙara manne da fiffike ba, domin su ne ke sa fasinja ya yi wa ma'aikatan jirgi tsawa saboda jinkiri, ko ya kwance bel ɗinsa yana ganin hayaƙi kawai ake ratsawa. A cikin gajimaren hadari akwai iska mai hawa da mai sauka da ƙarfin da zai iya ɗaga mutum daga kujera ya buga shi da rufi. Idan ka ga taga ta yi fari fat, ka ɗaure bel ɗinka ko fitilar gargaɗi ba ta kunnu ba, kuma idan matuƙi ya ce zai kewaye hadari, ka sani na'urarsa ta rada ta nuna masa ruwan da tagarka ba za ta nuna maka ba.